Trayanka da Tattasan Shekarar Ƙanƙara

A ƙauyen Lipovo, idan mace ta buɗe kwalbar tattasai a tsakiyar hunturu, murfin ya yi ƙara fas, ƙamshi ya bugi hancinta, takan ce, "Wannan ko Trayanka ba za ta kushe shi ba." Har matan da ba su taɓa zama inuwa ɗaya da ita ba suna faɗin haka.

Abin dariyar shi ne, Trayanka ba a cikin tattasai ta tashi ba. A kan dutse aka haife ta, a ƙauyen makiyaya inda ƙasa ba ta ba da komai sai dankali da wake, sai cukun tumaki da ake ci safe da yamma. Ta kai shekara goma sha tara ba ta taɓa ganin gonar tattasai ba. A bikin wata 'yar'uwarta ta haɗu da Metodi, dogon saurayi mai kunya daga kwari, wanda ya taka mata ƙafa sau biyu a wurin rawa, ya ba ta haƙuri sau huɗu. Da ta ga in ta jira shi sai ta tsufa, ita ta fara ce masa ya zo ya ga mahaifinta. Shekara na zagayowa ta sauko Lipovo a bayan keken doki, da akwatinta da barguna biyu na ulu.

Uwar mijinta, Kalina, gajeriyar tsohuwa ce mai kaifin harshe. Da kaka ta yi, aka fito da murhun ƙarfe tsakar gida, aka jibge buhunan jan tattasai a gindin bango. Kowane gida a layin hayaƙi ke tashi. Ana gasa tattasai har fatarsa ta yi baƙi, a zuba a buhu ya yi gumi, a salɓe fatar da hannu, a cire 'ya'yan. Wani a jera shi haka nan a kwalba da tafarnuwa, wani kuma a niƙa shi a soya da mai da gishiri ana tuƙawa wuni guda, har ya zama aibar, wanda ake shafawa a burodi tun daga faɗuwar ganye har fitowar sabo.

Kalina ta dubi yadda amarya ke riƙe da tattasai kamar ta kama kwaɗo, ta ce, "Amarya, wai ku a kan dutse me kuke ci da sanyi? Tsakuwa?"

"Muna cin abin da ya sa na fi ɗanki ƙarfi, Inna," in ji Trayanka.

A wannan shekarar ta nace sai ta yi nata ita kaɗai. Ta cika kwalba goma sha biyu, ta jera a ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida. Kafin sabuwar shekara duk sun yi fumfuna, kore da fari. Kalina ta kwaso su ta jera a kan katanga, tana kiran mata masu wucewa, "Ku zo ku ga ikon Allah! Amaryata ta shuka ciyawa a kwalba, ta kuma fito!"

Trayanka ba ta yi kuka ba. Ta kwashe kwalabenta ta wanke, sannan ta dawo ta tsaya a gaban tsohuwar.

"Inna, me ya ɓata su?"

"Hannu ne, amarya. Wata tana da shi, wata ba ta da shi."

"Hannu ai kowa biyu gare shi. Akwai dai abin da ban sani ba."

Amsar ba ta same ta ba sai bayan shekara huɗu, lokacin da aka buɗe masana'antar zuba kayan lambu a gwangwani a cikin gari, aka ɗauki mata aiki. Ta bar 'yarta Bilyana wurin Kalina, kullum ta hau motar ma'aikata. Mai kula da manyan tukwanen masana'antar wata mata ce mai farar riga da tabarau, ana kiranta Dafina. Trayanka ta liƙe mata kamar kaska. Me ya sa ake ƙona kwalba kafin a zuba? Me ya sa wannan murfi ya kumbura? Me ya sa ake duba agogo? Dafina tun tana tsaki har ta koma tana ajiye mata kujera a lokacin cin abinci. A wurinta Trayanka ta ji cewa ba hannu ba ne, ba kuma kambun baka ba ne. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, zafi ke kashe su, tsami ke hana su tashi. Kwalba ta kasance da zafi, murfi sabo, ruwan tsami da awo, a kuma dafa kwalaben a tafasasshen ruwa iya lokacin da aka ƙayyade, ba iya lokacin da hira ta ƙare ba.

Ta sayo agogon tebur mai ƙararrawa ta ɗora a kan kututture kusa da murhu. Matan layi suka samu abin dariya, suka laƙaba mata "mai agogo." Ita ko a jikinta. Shekara ta bi shekara, kwalbarta ko ɗaya ba ta sake ɓaci ba, nasu kuwa kowace shekara sai an zubar da uku ko huɗu. Kalina ba ta taɓa yabonta a fili ba. Sai a ciwonta na ƙarshe, da ta daina cin komai, ta ce a shafo mata aibar na amarya a burodi. Ta cinye tas, ta lashe yatsa, ta ce, "Bai kai nawa ba. Amma ba zai kashe mutum ba."

Aibin Trayanka ɗaya, in ma aibi ne: ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Maƙwabciyarta ta katanga, Menka, mace ce mai alfahari da girkinta, kuma tana da dalili, don a iya ɗanɗano babu kamarta a Lipovo. Ranar bikin shekara-shekara na waliyyin da gidan su Menka ke girmamawa, baƙi sun cika ɗaki, tebur ya cika da abinci, sai Menka ta fito da wata babbar kwalba ta gasasshen tattasai za ta buɗe. Trayanka ta hango murfin ya yi tudu kamar cikin mai ciki. Ta miƙe ta fizge kwalbar daga hannunta.

"Maƙwabciya, wannan ba a cin sa."

"Ba a cin sa? A gidana? A gaban baƙina?"

"Ko a gidan bishop ne. Dubi murfin."

Ta fita da ita ta juye a rami ta rufe da ƙasa. A hanyar gida Metodi ya ce, "Da kin ja ta gefe kin faɗa mata a kunne."

"Kafin in kai kunnenta, surukinta ya kai cokali baki."

Gaskiya ce, amma gaskiya ɗaci gare ta. Menka ta ɗauke mata gaisuwa. Shekara shida suna shanya a igiya biyu masu kallon juna, ko "ina kwana" babu.

A cikin waɗannan shekarun masana'anta ta rufe, bayan Trayanka ta yi mata aiki shekara ashirin da biyu. Bilyana ta yi aure ta bi mijinta Italiya neman aiki. Trayanka da Metodi suka koma ga gona gaba ɗaya, kamar sauran mutanen ƙauyen, kowa idonsa na kan tattasai.

Shekarar da ake magana, tattasai ya yi kyau irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Manya-manya, jajaye, masu kaurin nama, har reshe na rusunawa. Saura kwana huɗu a fara tsinka, wata ranar Talata da la'asar, sama ta yi baƙi daga wajen duwatsu. Iska ta tsaya cik. Sai ƙanƙara ta sauko, kowace kamar ƙwan tantabara. Ba ta fi kwata na awa ba. Da ta ɗauke, gonakin sun koma kamar an bi su da bulala: ganye a yage, tattasai a fashe, wani a ƙasa, wani a rataye da rauni uku ko huɗu a jikinsa.

Washegari da safe ɗan kasuwar da ya saba sayen amfanin ƙauyen ya zo da babbar motarsa. Ya ɗauki tattasai ɗaya, ya juya shi a hannu, ya yar, ya hau mota ya tafi. Maza suka taru a ƙofar kanti suna busa taba, ba mai kallon wani. Wasu suna cewa a sa garma a birne shi kawai, ko ya zama taki.

Trayanka kuwa tana gonarta da wuƙa. Ta tsinki ɗaya, ta yanke wurin raunin, ta duba. Ta tsinki wani. Ta yi haka har sau ashirin. Kashi biyu cikin uku na naman lafiya lau yake. Amma ta san tattasai mai rauni, a irin zafin nan, kwana uku ne ya fara ruɓa. Ta goge wuƙarta a jikin zane, ta miƙe sai gidan limamin coci.

"Fada, a kaɗa ƙararrawa."

"Wa ya mutu, 'yata?"

"Ba wanda ya mutu tukuna. Ka dai kaɗa."

Mutane suka fito a guje, wasu da bokitai, sun ɗauka gobara ce. Suka tarar da Trayanka a tsaye a kan tirelar tarakta a ƙofar coci, da rabin tattasai a hannu.

"Ku duba nan," ta ce. "Ɗan kasuwa ba ya son sa saboda ba shi da kyan gani. Kwalba ba ruwanta da kyan gani. Kwana uku gare mu. Duk mai murhu ya kawo filin makaranta, kusa da famfo. Duk mai tukunya, duk mai kwalba, ko ta zuma ce, ko ta magani, ya kawo."

Wani tsoho mai suna Pande ya cire taba daga baki ya ce, "Ke Trayanka, gonaki arba'in za ki cusa a kwalba? Kanki ɗaya kuwa?"

"Ba ni kaɗai ba, Kawu Pande, har da kai. Hannun da ya iya riƙe taba zai iya riƙe wuƙa."

Aka yi dariya, dariyar farko tun saukar ƙanƙara. Wata ta tambaya yadda za a gane na wane da na wance. Trayanka ta ce babu lokacin wannan, a haɗa duka, in an gama Fada ya raba, wanda bai yarda da rabon Fada ba ya kai ƙara sama.

Kafin azahar murhu ashirin da uku na ci a filin makaranta. Masu ƙarfi suna gona suna tsinka, maza masu jure hayaƙi suna gashi, tsofaffi sun zauna a benci-benci na 'yan makaranta suna yanke rauni suna salɓe fata, yatsunsu baƙi ƙirin. Injin niƙa huɗu na hannu ba su huta ba. Metodi ya yi sawu uku zuwa gari da tarakta, yana kwaso mai da gishiri da ruwan tsami da sababbin murafe, har sai da ya share kantuna biyu. Trayanka tana zagayawa da agogonta a aljihun gaba. Ta taɓa kwalba ta ce ba ta yi zafi ba, a mayar. Ta kama wata mata tana son sa tsohon murfi mai tsatsa, ta karɓe ta wurga a kwando. Ta tsaya a kan tukunyar dafa kwalabe, ba mai cire ko ɗaya sai agogo ya yi ƙara. Masu gunaguni suna yi, amma a ciki-ciki.

Menka ba ta zo ba a ranar farko. A rana ta biyu da sassafe sai ga ta tana tura baro, a ciki wata ƙatuwar tukunyar tagulla ta kakarta, wadda ba ta taɓa ba kowa aro ba. Ta sauke ta, ta dubi sama ta ce, "A gaya wa mai agogo, wannan tukunyar ba ta kamu, kuma ba na son a kankare min ita da ƙarfe."

Trayanka ma ta dubi sama ta ce, "A gaya wa mai tukunya mun gode, kuma gishirin tukwanen can uku yana neman mai harshe."

Daga nan Menka ta zama mai ɗanɗano. Tana bi tukunya-tukunya da cokalin katako, nan ta ce a ƙara gishiri, can ta ce a rage wuta. Suna giftawa ta gaban juna sau hamsin a wuni, kowace da mai isar mata da saƙo.

Trayanka ta bar gonarta ta zama ta ƙarshe, don kada a ce ta tara mutane ne ta ceci nata. Sai a rana ta uku da hantsi aka kawo buhunanta. Aka yanka, aka gasa, aka niƙa, aka cika tukunyar tagulla har wuya. Ita da kanta ta riƙe muciya, tana tuƙawa awa uku, jan aibar yana tafasa yana tartsatsi. Saura kaɗan a sauke, Menka ta zo wucewa da cokalinta. Ta yi taku biyu ta tsaya. Ta dawo ta sunkuya ta shaƙa. Ta ɗebo kaɗan ta ɗora a harshe, ta tofar.

"Maƙwabciya," ta ce. Kalmar farko ke nan da ta faɗa mata kai tsaye a shekara shida. "Tukunyar nan ta juya. Akwai ruɓaɓɓe a ciki, ba kaɗan ba."

Trayanka ta ɗebo ta shaƙa, ba ta ji komai ba. Ta ɗanɗana, ba ta ji komai ba. Kwana uku na hayaƙi sun kashe mata hanci da harshe. Ta ɗaga kai ta ga an daina aiki, duk filin ita ake kallo. Wata ta ce a ƙara sukari da ruwan tsami, ai wuta ta cinye komai. Wani ya ce Menka ramuwa take yi.

"Kin tabbata?" in ji Trayanka.

"Na rantse da kabarin uwata."

"Metodi, nemo tsumma ka kama kunne ɗaya."

Suka ɗauki tukunyar su biyu, suka kai bayan makaranta, suka juye a kwata. Sauran buhunan gonarta ma ta sa aka buɗe, Menka na shinshinawa, fiye da rabi aka kai juji. Metodi ya tsaya yana kallon jan abin na gangarawa, ya ce a hankali, "Namu ne fa, Trayanka. Noman shekara."

"Na sani. Shi ya sa ban nemi shawarar kowa ba."

Da suka dawo, Menka na tsaye ta riƙe ƙugu. "To, yanzu mun yi canjaras?"

"Ina! Ni kwalba ɗaya na zubar miki, ke kin zubar min da tukunya guda. Wanke ta ki ɗora wata, rana na tafiya."

Ba duka aka ceto ba. Wajen rabin amfanin ƙauyen ne ya shiga kwalba, sauran ya ruɓe a gona. Amma kwalaben sun cika barandar makaranta da aji biyu, har aka ba yara hutun kwana ɗaya don babu wurin zama. Fada ya raba, aka yi ɗan cacar baki kamar yadda aka saba, aka ba gidan Trayanka kaso kamar na kowa. Hunturun shekarar ya yi tsanani, dusar ƙanƙara ta rufe hanya mako biyu, amma ba gidan da ya ci burodi gaya. Da hanya ta buɗe, mata suka riƙa kai rarar zuwa kasuwar gari, mutanen birni na rububi. Abin da aka samu bai kai na shekara mai kyau ba, amma ya isa sayen taki da gyaran garma, ba wanda ya sayar da gonarsa.

An ci gaba da haɗuwa a filin makaranta wasu shekaru, sannan abin ya ja baya, don matasa sun yi ta tafiya ƙasashen waje, kowa ya koma murhun tsakar gidansa. Trayanka ba ta damu ba. Ta ce ai an koyi abin da za a koya.

Tana da shekara saba'in da ɗaya Metodi ya rasu, a zaune a kan kujerarsa bayan cin abincin rana, shiru kamar yadda ya yi rayuwarsa. Bilyana ta zo jana'iza, ta ce ba za ta bar uwarta ita kaɗai a gida mai sanyi ba. Trayanka ta yarda ta bi ta Italiya. Aka ba ta ɗaki a hawa na biyar, mai ɗumi, da taga mai kallon titi. Ta yi wata huɗu. Ta dafa wa jikokinta wake, ta gyara duk safar da ta yage a gidan, ta ɗanɗana tattasan kanti sau ɗaya ta ce ruwa ne aka yi wa jan fenti. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne yadda ake zubar da kwalabe masu kyau a shara, masu kauri, masu faɗin baki. Ta fara tsince su tana wankewa tana ɓoyewa a ƙarƙashin gado.

Ranar goma ga Fabrairu ta fito da jakarta ta ajiye a falo.

"Inna, ina zuwa?" in ji Bilyana.

"Gida. Lokacin zuba iri ya yi."

"Wane iri kuma? Wa zai yi miki noma? Gwiwarki fa?"

"Kunya huɗu a bayan gida ba noma ba ne. Gwiwata kuwa zaman nan ne ke kashe ta."

Bilyana ta yi kuka, ta yi faɗa, mijinta ya sa baki. A ƙarshe suka kai ta tashar mota, tafiyar kwana biyu. Direban, mutumin ƙasarsu ne mai ƙaton ciki, ya ɗaga buhun da ke gefen jakarta ya ji ƙarar gilashi.

"Goggo, me ke cikin nan?"

"Kwalabe."

"Na me?"

"Babu komai a ciki."

Direba ya dafe kai. "Shekara goma sha biyar ina bin hanyar nan, kowa cikakkun kwalabe yake kawowa daga gida. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki wofi daga Italiya ya kai gida ba!"

"To ka gani yau. Kada ka sa min su a ƙasa a danne su da akwati, a kan cinyata za su zauna. In ka biyo ta Lipovo a watan Oktoba, ka tsaya ka karɓi ɗaya a cike."

Ta hau, ta zaɓi kujerar taga, ta rungume buhunta. Da mota ta tashi, ta ɗaga wa Bilyana hannu sau ɗaya, sannan ta juya ta tambayi matar da ke kusa da ita daga wane gari take, kuma a garinsu wane irin tattasai suke shukawa.